Yadda Ake Ɗaga Kaya Mai Nauyi a Wurin Aiki Ba Tare da Rauni Ba

Kafin ka taɓa kaya, ka ɗan tura shi da ƙafa ko ka ɗaga gefe ɗaya domin ka ji nauyinsa, sannan ka duba hanyar da za ka bi da inda za ka sauke. Hukumar NIOSH ta Amurka, mai bincike kan lafiya da kariyar ma'aikata, ta ɗauki kilo 23 a matsayin iyakar abin da mutum zai ɗaga idan komai ya daidaita, wato kayan yana dab da jiki, yana da wurin riƙo, kuma ba a yawan maimaita ɗagawar. Da zarar ɗaya daga cikin waɗannan ya kauce, iyakar tana raguwa.

Nisan kaya daga jiki abu ne mai sauƙin rainawa, alhali yana daga cikin abubuwan da suka fi cutar da baya. Duk lokacin da ka miƙa hannu ka ɗauko abu daga nesa, tsokar baya tana ƙara ƙarfi domin ta riƙe ka, matsin kuma yana sauka a kan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan ƙasan gadon baya, wanda idan ya bulluƙo yakan danne jijiya har zafi ya gangara ƙafa. Saboda haka ka matso kusa, ka buɗe ƙafafu daidai faɗin kafaɗa, ka lanƙwasa gwiwa da ƙugu, ka rungumo kayan jikinka, sannan ka miƙe a hankali da ƙarfin cinyoyi ba tare da fizga ba. Idan za ka juya, ka ɗaga ƙafa ka juya gaba ɗaya, domin murɗa ƙugu da kaya a hannu yana saurin jawo rauni.

Abin da ya fi ƙarfinka, ka raba shi, ko ka sa a amalanke, ko ka kira abokin aiki, mutum ɗaya ya riƙa ba da umarnin ɗagawa da saukewa. Ɗamarar baya da wasu ke ɗaurawa kuwa, a ganina ruɗin kai ce, tunda tana iya sa mutum ya ɗauki abin da bai kamata ba.

Idan ka ji rauni, ka daina aikin nan take ka sanar da shugabanka domin a rubuta. Ciwon da ya zo da mutuwar ƙafa, ko kasa riƙe fitsari, ko kumburi a matsematsi, yana bukatar likita a ranar.