Yadda za ki haɗa gashin ƙashi da yoga in baya ko ƙugu ya hana ki sakat

Mace ta haihu huɗu biyar, kullum tana duƙe bakin murhu ko wurin turarar shinkafa, ga goyo ga jan ruwa a rijiya, ranar da ta ce bayanta na ciwo sai a ce mata ai haka mata suke, ta sayi diclofenac a kemis ta haɗiya ta ci gaba da wahala. Wallahi 'yar uwa ba haka ya kamata ba. Yawancin ciwon baya da ƙugu da gwiwa yana sauƙi da motsa jiki in an yi shi bisa tsari, kuma tsarin da nake son in yi maki bayani shi ne haɗa abu biyu, gashin ƙashi na asibiti wanda ake ce ma fisiyo, da yoga, wato motsin miƙe jiki da sarrafa numfashi, da za ki riƙa yi a ɗakinki. Amma fa fisiyo ce gaba, ita ke gano me ya lalace ta faɗa maki iyakarki, yoga bin bayanta take yi. In kinka juya su kina iya ƙara ma kanki ciwo.

To ki fara da zuwa a duba ki. In kina Birnin Kebbi ki je asibitin tarayya wanda har yau mutane ke ce ma FMC, ko kuma ki je asibitin Sir Yahaya, in kina Gusau ga FMC ga asibitin Yariman Bakura, ki yanki kati ki ce sashen fisiyo kike nema. Mai wanga aiki karatu ya yi a jami'a kuma akwai hukumar MRTB da ke ba su rajista, ba ɗaya yake da mai tausa na unguwa ba. Kina da damar ki ce mace kike so ta duba ki, in akwai za a haɗa ku. Kuma don Allah ki aje kunya ki faɗi komai, yaushe ciwon ya fara, me ke tada shi, haihuwa nawa kinka yi, an taɓa yi maki tiyata ko a'a, fitsari na zubo maki in kinka yi tari ko atishawa. Kafin ki fito ki tambaya wane motsi za ki yi a gida, wanne za ki guje ma, sau nawa a rana. In daga nesa kinka zo, kamar Zuru ko Yawuri ko Anka, ga tsadar mota ga halin da hanya take ciki, ki faɗa masu tun farko ba ki iya zuwa duk sati, su tsara maki na gida, ki ba wadda ta rako ki waya ta ɗauki bidiyo sadda ake nuna maki. Kuma duk bidiyon yoga da kinka gani a YouTube ya burge ki, ki nuna ma mai fisiyo ta cire maki wanda bai dace da ke ba.

Akwai alamun da ba a wasa da su, ba yoga ba tausa ba jiƙo, asibiti kai tsaye: ƙafa ta fara mutuwa ko tana jan ƙasa, tsakanin cinyoyi ya dena jin taɓi, fitsari ko bayan gida ya ƙwace maki ko ya ƙi fita gaba ɗaya, ciwon baya tare da zazzaɓi ko rama.

Na san abin da ke ran wasu, wai yoga ba bautar Indiyawa ba ce? Gaskiya ne daga Indiya ta fito kuma asalinta na da alaƙa da addininsu, ba zan ɓoye maki ba. Akwai wani jerin motsi da suke kira gaisuwar rana, akwai kalmomin da suke rerawa, wannan duk ba ruwanmu da su, ki bar masu kayansu. Abin da muke ɗauka miƙe tsoka ne da sarrafa numfashi, kuma da yawa daga cikinsu su ne dai masu fisiyo ke koyarwa da wani suna. A 2017 ƙungiyar likitocin Amurka ta ACP ta sa yoga cikin abubuwan da ake fara gwadawa a ciwon baya da ya daɗe kafin a kai ga magunguna. In duk da haka zuciyarki ba ta kwanta ba ki tambayi malamin da kinka yarda da shi.

Yanzu ga yadda za ki yi. Tabarma da bargo a kai sun isa, sai matashin kai guda, ba sai kin sayi komai ba. Ki zaɓi bayan sallar asuba kafin rana ta buɗe, ko da yamma in an sha iska, kar ki yi da cikakken ciki. Ki fara da abin da anka ba ki a asibiti tukuna tunda shi ne maganin, sannan ki ɗora yoga a kai, minti 15 zuwa 20 ya wadatar a farko.

Ki kwanta rigingine ki lanƙwashe gwiwoyi, tafin ƙafa a ƙasa, hannu ɗaya a kan ciki. Ja iska ta hanci a hankali har ki ji cikin ya taso, ki sake ta a hankali fiye da yadda kinka ja ta. Ki yi kamar sau 10. Mutane na raina wanga, alhali shi ne tushen sauran, domin mai ciwo ba ta sanin tana ɗaure jiki tana riƙe numfashi, kuma tsokar da ke ɗaure ba ta miƙuwa.

Daga nan sai matse tsokar ƙasan mara, wadda ke riƙe da mafitsara da mahaifa kamar yadda gammo ke tare tulu. Wani likitan mata a Amurka, Arnold Kegel, shi ya yi bayaninsa a 1948 shi ya sa ake kiran sa da sunansa. Ki yi kamar za ki riƙe tusa da fitsari lokaci guda, ki ɗaga tsokar sama sadda kike fitar da iska, ki riƙe daƙiƙa 3 zuwa 5, sannan ki saki gaba ɗaya, sakin ma aiki ne kar ki yi masa gaggawa. Cinya da ɗuwawu ba su da aiki a nan, in kinka ji su ne ke matsewa to ba ki kama wurin ba. Sau 8 zuwa 10, sau 3 a rana, kuma sai an yi kamar wata 3 ana yi ake ganin canji sosai, nan ne mata da yawa ke sarewa su bari a sati na biyu. Kar ki mayar da shi al'ada kina tsayar da fitsari a banɗaki, wannan na hana mafitsara juyewa duka.

Sai ki juya ki yi rarrafe, hannuwa daidai kafaɗa gwiwoyi daidai ƙugu, in kinka fitar da iska ki turo bayan sama ya yi doro ki sunkuyar da kai, in kinka ja iska ki sauke shi ki ɗan ɗago ƙirji, a hankali sau 8. Daga nan ki ja baya ki zauna kan dugaduganki, ƙirji a kan matashi hannuwa a miƙe gaba, ki huta kina numfashi. Mai ciwon gwiwa ta tsallake wanga. Na ƙarshe ki koma rigingine ki matse ƙasan mara ki ɗaga ƙugu sama har ya yi layi ɗaya da gwiwa da kafaɗa, ki riƙe kaɗan ki sauko. Shi ke ƙarfafa ɗuwawu, kuma ɗuwawu in ya yi ƙarfi baya na samun hutu wurin ɗaga bokiti. Ƙa'idar dai ita ce jin tsoka na ja ba laifi, amma zafi mai suka ko wanda ke sauka ƙafa kamar shokin, ki tsaya nan take, haka in kinka kwana ciwon ya fi jiya to kin wuce iyaka, ki rage.

Mai jego ke taki daban ce. In haihuwa ta zo lafiya kina iya fara numfashi da matse mara tun kwanakin farko, sauran ki bari sai an yi arba'in an duba ki, mai tiyata kuma sai likita ya ce ɗinki ya warke. Ki sa a duba maki tsakiyar ciki, wasu matan tsokar na rabewa saboda ciki, in kinka kwanta kinka ɗago kai za ki ji rami wajen cibiya, in ya wuce faɗin yatsa 2 to ki guji irin motsin nan na kwanciya a tashi zaune don rage tumbi, yana iya ƙara buɗa shi. In kuma kina haki ko ƙafafu na kumbura ko ba ki iya kwanciya sai da matasai da yawa, wannan na iya zama ciwon zuciya, ana samun sa sosai a masu jego a yankinmu, ki aje kunun kanwa da motsa jiki duka ki nufi asibiti. Wadda fitsari ke zubo mata dare da rana ba tsayawa bayan doguwar naƙuda, wannan yoyon fitsari ne, matse mara ba ya rufe shi sai aiki, ga cibiyar Gesse nan a Birnin Kebbi. Bayan aikin ne fisiyo ke shigowa, musamman ga wadda ƙafarta ta saki tana jan ta.

Targaɗe kuwa, kwana 2 zuwa 3 na farko hutu ne, ƙanƙara a cikin tsumma minti 15 zuwa 20, a ɗaure da bandeji ba tamau ba, a ɗora ƙafar kan matashi. Kar a murza da man zafi a ranar. In ba ki iya takawa ko kaɗan a yi hoto tukuna kafin kowa ya ja maki ƙafa, kuma in an yi ɗori kinka ga yatsu na kumbura suna canza launi ko sun dena ji, a kwance a tafi asibiti, haka ake rasa hannu. Bayan an cire filasta gaɓar za ta sandare tsoka ta zube, a nan fisiyo ce za ta buɗe ta a hankali. Sai ta ce kina iya ɗora nauyi sannan ki shigo da yoga, ki tsaya jikin bango ki dafa, ki ɗaga lafiyayyar ƙafar ki tsaya kan mai ciwon daƙiƙa 10, ki riƙa ƙarawa har 30, in kin ƙware ki saki bangon. Shi ke koya ma idon sawu riƙe kansa don kar ya sake gurɗewa.

Ranakun da ba ki yi yoga ba ki yi tafiya da ɗan sauri ko da zagayen tsakar gida ne, WHO na cewa minti 150 a sati, wato minti 30 sau 5. Ki riƙa rubutawa a waya wane motsi ya yi maki daɗi wanne ya tada ciwo, bayan sati 4 zuwa 6 ki koma wurin mai fisiyo da shi, da wannan za ta san abin da za ta ƙara maki da wanda za ta cire.