Kurakuran da muke yi wajen riƙe irin Azawak, da yadda za a gyara

Shekarun baya na sayi wani bijimi a kara, ja mai baƙin baki, tozonsa ya cika kafaɗa, gashinsa na sheƙi sai ka ce an shafa masa man gyaɗa. Dillali ya ce mini Azawak ne tsantsa. Na biya, na kai shi garkena da ke wajen Mirriya ina murna. Dattijon Bafulatanin da ke mini kiwo ya zagaya shi sau biyu, ya buɗe bakinsa ya dubi haƙora, sannan ya ce, "Alhaji, wa ya san uwarsa?" Na ce, "Baffa, ai ga shi kana gani." Ya ce, "Abin da ke jikinsa dusa ce da harawa, kuma ɗa ba ya gadon dusa." Kafin bazara ta fita kitsen ya zube. Asarar gaske kuwa sai bayan shekara huɗu na gan ta, lokacin da 'ya'yansa mata suka fara haihuwa, babu wadda nononta ya ishi ɗanta, balle a samu na ƙwarya.

Wannan shi ne kuskuren da ya fi yi mana ɓarna a Damagaram: sayen bijimin barbara da ido kawai. Bijimin da aka ɗaure a turke wata uku ana ɗura masa dusa da angurya dole ya yi kyan gani, amma na mahauci ne. Saniya in ta yi ƙoƙari ɗa ɗaya take ba ka a shekara, bijimi kuwa zai iya ba ka ashirin, saboda haka aibinsa cikin garke duka yake bazuwa. Gyaran shi ne ka sayi bijimi a inda za ka iya ganin uwarsa. Ka je ruga da sassafe, ka tsaya a tatse ta a gabanka. Ka tambayi haihuwarta nawa, tazarar nawa ke tsakani, 'ya'ya nawa suka rayu. In akwai 'yan'uwansa mata da suka haihu, su ma ka duba hantsarsu. Sai bayan haka ka koma kan shi kansa: ƙafafu miƙaƙƙu, kofato lafiyayye, ƙirji mai faɗi, gadon baya ba lotsawa, maraina biyu daidai wa daida masu kauri, fatar gabansa ba ta reto har ƙaya ta kama. Haƙora ba sa ƙarya. Sa yana da takwas a gaba ta ƙasa, manyan biyu na farko suna fitowa yana da shekara biyu ko ɗan fiye, takwas ɗin kuma suna cika wajen shekara biyar. Wanda haƙoransa suka cinye, ya gama aikinsa a wani garken.

Mutane da yawa kuma launi kaɗai suka sani a Azawak. Asalin irin daga kwarin Azawak ne, tsakanin arewacin Tahoua da ƙasar Mali, kuma a hannun makiyayan can za ka ga ja, ka ga fara, ka ga mai dabbare-dabbare. Jan nan mai haske, da baƙi a hanci da gewayen ido da gefen kunne da tukkun wutsiya, shi ne launin da tashar binciken kiwo ta Toukounous da ke yankin Filingue ta zaɓa ta riƙe tun kafa ta a 1954. Launin alama ce mai amfani, amma ba shi ke cika ƙwarya ba. Azawak ta ƙwarai matsakaiciya ce, ƙahonta gajere, fatarta laushi, gashinta kwance, tana da sanyin hali, yaro ma zai tatse ta. Hantsarta manne take da ciki, ba ta lilo, kawunan nono huɗu tsayinsu ɗaya kuma hannu zai kama su da daɗi. In ta samu kulawa tana ba da kamar lita 800 zuwa 1,100 a tsawon tatsa ɗaya ta wata tara zuwa goma. Ni dai abin da na fi dubawa shi ne yadda take fita daga bazara. Da kaka kowace saniya sarauniya ce. Ka bari sai watan biyar, zafi ya haura digiri 40, ciyawa ta ƙare sai kara da 'ya'yan gawo. Wadda ta tashi da ƙafarta a lokacin, ɗanta na biye da ita, kuma ta karɓi bijimi da faɗuwar damina, ita ce uwar garke ko da launinta bai burge kowa ba.

Sai kuskuren da talauci ke jawowa, wanda ba na ganin laifin kowa a kai, amma dole a faɗe shi. Buƙata ta taso, biki ko asibiti ko hatsi, sai a kama wanda ya fi kyau a garke saboda shi zai fi kuɗi a hannun fataken da ke kai shanu Maigatari. Shekara biyar ana haka, sai ka waiwaya ka ga ragowar da kasuwa ta ƙi su ne ke haihuwa. Tun da kaka, shanu na da jiki kuma farashi na da kyau, ka ware na sayarwa: tsohuwar da haƙoranta suka ƙare, wadda ta shekara biyu ba ciki, maruƙa mazan da ba za a bari ba. Karsanar da uwarta ta yi suna kuwa, a sa mata alama, kowa a gida ya san ba a taɓa ta.

Barin bijimi ɗaya ya daɗe ma ciwo ne mai cin garke a ɓoye. Saniya tana ɗaukar ciki wata tara da 'yan kwanaki, 'yarta kuma a kiwonmu takan isa barbara wajen shekara uku. Ke nan bijimin da ya wuce shekara uku a wurinka ya kusa hawan 'ya'yansa. Sai ka fara ganin maruƙa ƙanana, marasa kuzari, masu mutuwa da wuri, ana cewa baki ne ko sammu. Ka yi musaya da makiyayin da ka yarda da shi wanda shanunsa ba dangin naka ba ne, ko ka nemi shawarar ma'aikatan kiwo a kan cibiyoyin gwamnati da ke yaɗa iri, kamar ta Bathe da ke nan jiharmu ta wajen Tanout. Sauran mazan da ba a zaɓa ba, a yi musu fiɗiya da wuri.

A bakin rijiya kuwa iri ke lalacewa ba wanda ya lura. Garke uku sun haɗu, karsanarka na neman bijimi, na farko da ya iso shi ke hawa. Ba raina shanun Bororo nake yi ba. Jan san nan mai dogon ƙaho da dogayen ƙafafu babu kamarsa wajen doguwar tafiya, shi ya sa masu tashi da shanu ba sa rabuwa da shi. Amma in nono kake nema kana zaune kusa da gari, jininsa zai rage maka. In ka ga alamar nema, tana kuka, tana hawan 'yan'uwanta, yauƙi na zuba, ka tsare ta gida da bijiminka kwana biyu. Haka nan masu ɗokin jinin shanun Turai irin Holstein: su fara lissafin ruwa da inuwa da abinci na wata goma sha biyu kafin su taɓa irin da ya tsallake farin 1973 da na 1984.

Akwai wani abu da ke ba ni takaici ƙwarai. Mutum ya sha wahala ya samu iri mai kyau, sai ya tatse uwar ƙarƙaf a kai nono Kasuwar Dole, a bar maraƙi da kumfa. Maraƙar da ta tsumbure tana ƙarama ba za ta taɓa nuna abin da ke jininta ba. Dakashi na ɗa ne, ya sha shi tun sa'o'in farko. Bayan haka a bar masa aƙalla kan nono ɗaya, biyu in bazara ce, a sa wa garke kanwa ko gishirin lasa.

Sabon sa kada ya shiga garke ranar da ya zo. A ɗaure shi nesa kamar mako uku, likitan dabbobi ya duba shi, musamman saboda ciwon huhu da bakkale. Bakkale na sa saniya ɓari, yana kuma kama mutum ta ɗanyen nono, don haka a tafasa. Allurar ciwon huhu da ake yi kowace shekara, kada a ɓoye ko ɗaya.

Baffa yana riƙe da zuriyar kowace saniya a ka, har kaka ta uku. Ni ba ni da wannan baiwa, sai na sayi ƙaramin littafin 'yan makaranta. Kowace saniya da shafinta: sunanta, uwarta, bijimin da ya hau ta, ranar haihuwa, da yawan nonon da aka auna da gwangwanin lita sau ɗaya a wata. Da boko ko da ajami, duk ɗaya ne. Da wannan littafin na zaɓi maraƙin da zan bari bana, ɗan wata jar saniya da ta haihu sau biyar a shekara bakwai ba ta rasa ko ɗaya ba.