Sabon zuwa Shikago: ka san labarin Cubs na 2016

Duk wanda ya sauka Shikago, aiki ne ya kawo shi ko karatu, ba zai jima ba za a jefo masa tambaya: Cubs ko Sox? Ƙungiyoyin besbol ne guda biyu na garin. Cubs ta arewacin gari ce, tana wasa a Wrigley Field, filin da aka gina tun 1914. White Sox kuwa ta kudu ce. Kada ka yi garajen amsawa, fara lura da hular da ke kan mai tambayar.

Ba lallai ne ka iya dokokin wasan ba, amma labarin 2016 kam ya kamata ka riƙe shi. Kafin wannan shekarar, rabon Cubs da kofin World Series, wato kofin zakarun babbar gasar besbol ta Amurka, tun 1908, shekara 108 ke nan. An haifi mutane, sun tsufa, sun mutu suna jira. Har camfi aka yi, wai wani mai mashaya da aka kora daga filin shi da akuyarsa a 1945 ne ya yi musu baki. A kakar 2016, ƙarƙashin koci Joe Maddon, suka ci wasa 103, suka kai zagayen ƙarshe da Cleveland, inda wanda ya riga cin wasa huɗu ke ɗaukar kofi. Cleveland ta ci uku, Cubs na da ɗaya tak, kowa ya fid da rai. Sai suka farfaɗo. Ranar 2 ga Nuwamba, a wasa na bakwai, suna gaba da 6-3 aka farke ya koma 6-6, ruwan sama ya tsayar da wasa minti 17, da aka dawo suka ci 8-7. Ben Zobrist ne gwarzon zagayen.

A kwanakin nan jama'a suka yi ta rubuta sunayen iyaye da kakanninsu da suka rasu da alli a bangon Wrigley Field. Shi ya sa in abokin aikinka ya ɗauko zancen idonsa ya kawo ruwa, kada ka yi dariya. Ka tambaye shi inda yake a daren, hira ta samu ke nan. In ɗan Sox ne kuma, tuna masa da 2005, lokacin da su ma suka ci bayan shekara 88. Haushin yadda ake mantawa da nasu suke ji.

Sai abin da ya shafi zirga-zirgarka. Kakar na farawa wajen ƙarshen Maris ko farkon Afrilu zuwa ƙarshen Satumba, kowace ƙungiya wasa 162, rabi a gida, kuma Cubs na yawan yin nata da rana. Ranar wasa jirgin ƙasa na layin Red Line kan cika maƙil a tashar Addison da ke kusa da filin, don haka ka fita da wuri. Masu tuƙin tasi da Uber, akwai fasinja in an tashi, sai dai da yawansu sun sha sun yi tatul, ga cunkoso a mahaɗar Clark da Addison. Farar tuta mai shuɗin harafin W da za ka gani a tagogi ba ta wata jam'iyya ba ce, alama ce Cubs ta yi nasara.

In an gayyace ka kallo, ka je. Giya ake sayarwa ko'ina a ciki, babu kuma mai tilasta maka. Ka ci abincinka tukuna, akwai gidajen abincin halal birjik a titin Devon. In a Afrilu ne ka ɗauki rigar sanyi mai kauri, iskar tafkin Michigan ba ta da wasa.