Koɗaɗɗun Haruffa a Zanen Talla: Kurakuran da Aka Fi Yi

Koɗaɗɗun haruffa, wato waɗanda ake zanawa da tsaga da gurzuwa kamar sun sha jiki, sun samo kamanninsu ne daga haruffan katako da maɗaba'u irin su Hatch Show Print ta birnin Nashville a Amurka, wadda aka kafa a 1879, suke buga fosta da su har katakon ya cinye, tawada ta daina kama shi sosai. Wanda ya san wannan asali zai fahimci kuskuren da ya fi yawa, domin katako biyu ba sa tsufa iri ɗaya, amma a kwamfuta sai ka ga kalma mai harafin "a" uku, kowanne da tabo ɗaya a wuri ɗaya, nan take ido ya gane cewa tsufan na bogi ne. Gyaran shi ne a zaɓi nau'in haruffan da ke da madadin kowane harafi a tsarin OpenType, wato wani tsari na fayilolin haruffan kwamfuta, ko kuma a rubuta kalmar da lafiyayyun haruffa, sannan a ɗora gurzuwar a kanta gaba ɗaya.

Wasu kuma sukan rubuta komai da koɗaɗɗun haruffa, har da adireshi da lambar waya. An yi su ne domin babban kanu na kalma biyu ko uku. Idan aka ƙanƙanta su, ƙananan tabon sukan cushe da tawada. Ko David Carson, mai zane ɗan Amurka wanda ya shahara da wannan salo a mujallar Ray Gun daga 1992, matasa masu sha'awar kiɗa yake yi wa aiki, ba mai neman hanyar asibiti ba.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da ke faruwa da rubutun Hausa. Galibin waɗannan nau'o'i ba su da ɓ, ɗ da ƙ, saboda haka manhaja takan aro harafin daga wani nau'i, sai ya tsaya sumul a tsakiyar koɗaɗɗiyar kalma, ko kuma mai zane ya jefar da ƙugiyar kawai. Alhali "bari" daban, "ɓari" daban, haka ma "kafa" da "ƙafa". A gwada haruffan nan tun kafin a fara aiki; idan babu su, a zana ƙugiyar da hannu daga jikin harafin, kuma kada gurzuwa ta ci ta, domin ita ce ke ɗauke da ma'ana.

Akwai kuma batun bugawa. Injin yankan sitika ba ya iya bin ɗaruruwan ƙananan ramuka, don haka a rage su, a ƙara musu girma, sannan a buga gwaji a kan takarda ko yadin da za a yi aikin, a kalle shi daga nisan da mai wucewa zai tsaya.