Yadda za ka haɗa kuɗin zuwa taron kimiyyar koloid a ƙasar waje

Idan bincikenka kan koloid ne, wato irin su kumfa, fenti, sabulu, madara da abin da ke faruwa a saman fuskar abu, to manyan tarukan da za ka sa wa ido sanannu ne. ECIS, ƙungiyar masana koloid ta Turai, tana yin nata duk shekara a Turai, a 2023 a Napoli ta Italiya aka yi, 2024 a Kofanhagan ta Denmark. Na IACIS kuwa, ƙungiyar masana koloid ta duniya, kusan duk bayan shekara 3 ne, an yi a Rotadam ta Holan a 2018, Birisben ta Ostireliya a 2022. Sai na ACS, ƙungiyar masana kemistiri ta Amurka, shi ma duk shekara lokacin zafinsu.

Kafin ka nemi ko sisi, tura wa masu shirya taron taƙaitaccen bayanin bincikenka tukuna. Kusan duk mai ba da tallafi wasiƙar karɓa zai fara tambaya, kuma wanda aka ba damar yin jawabi ya fi mai liƙa fosta (wanda zai manna bayanin aikinsa a allo kawai) samun shiga, gaskiya ke nan ko ba a faɗa ba.

Sannan kar ka jira mutum ɗaya ya ɗauke maka komai, da wuya ake samun haka. Raba lissafin gida-gida, tikitin jirgi, rajista, masauki, biza, inshora. Rubuta wa masu shirya taron kai tsaye ka roƙi su yafe maka kuɗin rajista ko su rage, sau da yawa suna da wani ɗan kaso na ɗalibai da masu tasowa, amma sai wanda ya tambaya da wuri. Jami'arka ko kuɗin aikin malamin da ke duba ka su ɗauki jirgi. Idan kai mamba ne na RSC, ƙungiyar masana kemistiri ta Ingila, duba tallafinsu na tafiye-tafiye, sai dai a lura, irin waɗannan ƙungiyoyi kan so ka zama mamba tun kafin ka nema, ba ranar da ka cika fom ba.

Ga inda mutane da yawa ke shan mamaki. Galibin tallafin nan ba kafin tafiya ake ba da shi ba, kai za ka kashe naka sannan su mayar maka bayan ka dawo, wani lokacin sai an yi watanni, don haka tambaye su tun farko, ka nemi inda za ka ranci kuɗin, kuma ka adana kowane rasit har da ɗan katin shiga jirgi, don idan babu shi wasu ba za su biya ba.

Biza kuma kar ka yi wasa da ita. Ta Shengen, wato bizar shiga yawancin ƙasashen Turai, ana iya nema tun saura wata 6, kuma dole inshorar lafiyarka ta kai Yuro 30,000. Ta Amurka matsalarta samun ranar intabiyu. Kar ka sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa sai biza ta fito, ka kuma tambayi masu taron ko za su mayar da kuɗin rajista idan aka hana ka.