Lambun bakin taga: shawara ga 'yar'uwar da ta sauka Legas

'Yar'uwa, sannu da zuwa Ikko. Na san a makon farko abin da zai fi tsaya miki a rai shi ne rashin tsakar gida. A Arewa ko gidan haya ne ba a rasa zogale a bayan ɗaki ko ɗoɗɗoya kusa da randa. Nan kuwa, a Agege ko Idi-Araba ko Obalende, ɗaki ɗaya ne ko ciki da falo, ƙofa na kallon ƙofa, ƙasa duk an malale da siminti. Kada wannan ya karya miki gwiwa. Taga ɗaya da rana ke leƙowa ta ishe ki.

Abu na farko da nake so ki riƙe: a gida ƙishirwa ke kashe shuka, a Legas ruwa ke kashe ta. Hannunmu ya saba da ban ruwa safe da yamma, saboda iskar Kano ko Sakkwato tana shanye laima nan da nan. Iskar nan a jiƙe take. Damina tana kamawa tun wajen watan Afrilu har Oktoba, Yuni da Yuli ruwa kamar da bakin ƙwarya, sai ɗan sararin da ake samu a Agusta. Na'a-na'ar da na fara shukawa haka ta tafi, ganye ya yi rawaya, da na tuge sai na tarar saiwar ta ruɓe tana wari. Tun daga nan nake tura yatsa cikin ƙasar tukuna. In da danshi, in bar ta sai gobe.

Ba sai kin sayi tukunyar fulawa ba. Bokitin fenti da aka wanke sosai, tsohuwar roba, ko buhun shinkafa duk suna yi. Ki ɗora ƙusa a wuta ki huda gindin wuri biyar ko shida, ki zuba gutsattsarin gawayi a ƙasa, sannan ƙasa mai yashi da aka cuɗa da busasshen taki. Masu dabbobi a wajen mayankar Oko-Oba ba sa rasa taki, amma ki tabbata ya bushe ya huce, ɗanye yana ƙona saiwa. Don Allah kada ki ɗebi ƙasar bakin kwata, komai baƙinta da kyanta a ido. Abin da za ki ba yaranki ne zai fito a ciki. Farantin da kika tara a ƙarƙashi kuma ki riƙa zubar da ruwansa kullum, don a irin wannan kwantaccen ruwan sauro ke hayayyafa.

Ki fara da na'a-na'a. In kin shiga kasuwar Mile 12 wajen 'yan'uwanmu masu kayan gwari, ki nemi ɗauri mai ɗanyen kara. Ki tsinke ganyen ƙasa, ki tsoma karan a kofin ruwa, cikin mako ɗaya zuwa biyu za ki ga fararen saiwoyi, sai ki dasa. Ki ba ta mazubinta ita kaɗai, domin tana yaɗo ta danne maƙwabta. Shayinta bayan cin abinci mai nauyi yana sassauta kumburin ciki. Sai dai mai fama da ƙwannafi ya yi hattara, takan ƙara masa.

Ɗoɗɗoya ita ce ta fi samun gida a nan. Yarabawa suna ce mata efinrin, kuma da wuya ki zaga unguwa ba ki ga wata Iya da ke da ita ba. Ki gaishe ta da ladabi ki roƙi reshe. Ni ta haka na yi ƙawata ta farko a layinmu, har yau muna musayar miya. Ɗoɗɗoya tana son rana, awa huɗu zuwa shida, kuma duk lokacin da ta fara fure ki tsinke kan don ta yi rassa. A farfesun mai mura, ita da citta da tafarnuwa, ba ta da na biyu. Lalo ma da suke kira ewedu yana fitowa da sauri a buhu, haka gindin albasa mai lawashi in kin mayar da shi ƙasa.

Citta kuwa ta haƙuri ce. Yawancin wadda muke ci daga Kudancin Kaduna take zuwa, wajen Kachiya, kuma tun da cuta ta faɗa wa gonakin can a 2023 kuɗinta ya yi tashin gwauron zabo. Ki zaɓi ɗanya mai ido, ki binne ta sama-sama a faffaɗan mazubi. Ba ta son rana mai ƙuna, laimar Legas kuwa ta yi mata daidai. Sai ta yi wata takwas zuwa goma kafin ta nuna. Ɗan yanki a ruwan zafi yana kwantar da tashin zuciya, amma mai juna biyu ta tambayi ma'aikatan awo kafin ta mayar da shi na kullum.

Akwai maganar da ba zan ɓoye miki ba, domin na ga ta cutar da mutane. Zazzaɓin da ya kama yaro ba na dafa ganye ba ne. A kai shi a gwada jini, in maleriya ce a ba shi maganinta. Haka mai ciwon suga ko hawan jini kada ya ajiye ƙwayoyinsa don ya samu shuwaka ko zogale, kuma ya sanar da likita in yana haɗawa.

Kafin ki jera bokitai a baranda ko bakin hanyar shiga, ki nemi izinin mai gida, ki kuma duba kada ruwanki ya riƙa ɗiga a kan shanyar na ƙasa. In an matsa, cikin taga ma ya wadatar, sai ki riƙa juya mazubin duk bayan kwana biyu don kowane ɓangare ya samu haske.