Yadda ake fitar da ƙa'idar kwadiratik daga alƙaluman zahiri: misalin nisan tsayawar mota

Yawancin ɗaliban sakandare suna haɗuwa da lissafin kwadiratik ne ta fuska guda, wato a rubuta musu jimlar lissafi a allo a ce su nemo x. Amma a wurin aiki na gaske babu wanda zai miƙo maka jimlar a shirye. Abin da za ka samu a hannu shi ne alƙaluman da aka auna, kai ne kuma za ka gano ko akwai wata ƙa'ida da ke bayansu, ka fitar da ita, ka gwada ta, sannan ka san inda amfaninta ya tsaya. Wannan aikin ne nake so mu bi daki-daki, da misali guda na gaske wanda za mu riƙe tun daga farko har ƙarshe.

Ƙa'idar kwadiratik tana da siffar y = ax² + bx + c, inda x² ke nufin x sau x, su kuma a da b da c lambobi ne tsayayyu waɗanda aikinmu shi ne mu nemo su, da sharaɗin kada a ya zama sifiri. Idan aka zana ta a takardar zane, layinta yana lanƙwasa kamar ƙwarya, a buɗe ko a kife, shi ne ake kira farabola. Lissafi ne mai tsohon tarihi, domin Muhammad bin Musa al-Khawarizmi, wanda ya yi aiki a Bagadaza, ya tsara hanyoyin warware irin waɗannan jimloli a littafinsa na al-Jabr wal-Muƙabala wajen shekara ta 820 miladiyya, kuma daga sunan littafin ne kalmar aljabara ta samo asali.

Alƙaluman da za mu yi aiki da su sun fito ne daga kundin dokokin hanya na Birtaniya, wanda ya ba da nisan da ƙaramar mota ke ci kafin ta tsaya cak a busasshiyar kwalta, daga lokacin da direba ya hango haɗari. A gudun kilomita 32 a awa nisan mita 12 ne, a 48 mita 23, a 64 mita 36, a 80 mita 53, a 96 mita 73, a 112 kuma mita 96. Asalin jadawalin da mil aka rubuta shi, daga mil 20 zuwa mil 70 a awa, shi ya sa tazarar da ke tsakanin kowane gudu da na gabansa ta zama kilomita 16.

Kafin a taɓa kowane lissafi, a sauƙaƙa lambobin. Tunda duk gudun nan ninkin 16 ne, sai mu ce x shi ne gudu a raba da 16, ta haka x zai zama 2, 3, 4, 5, 6 da 7, y kuma shi ne nisa da mita. Wannan ƙaramar dabara ce da ɗalibai ke rainawa, alhali ita ke raba mutum da ninka 112 sau 112 da hannu, inda kuskure ya fi saurin shigowa. Daga nan a ɗauki takardar zane, a sa x a kwance, y a tsaye, a ɗiga ɗigo shida. A ɗora rula daga ɗigon farko zuwa na ƙarshe, za a ga sauran ɗigo huɗun duk sun faɗo ƙasa da bakin rular. Miƙaƙƙen layin zai ce nisan a x = 4 ya kai mita 45.6, alhali abin da ke jadawali 36 ne, a x = 5 kuma zai ce 62.4 maimakon 53. Da kuskuren ya warwatsu, wani sama wani ƙasa, da sai mu ce sharrin awo ne. Tunda duk ya karkata ɓangare guda, alama ce cewa siffar da muka zaɓa ce ba ta dace ba.

Ganin lanƙwasa da ido bai isa hujjar cewa kwadiratik ce ba, domin akwai wasu ƙa'idoji masu lanƙwasa. Gwajin da ke raba gardama shi ne na bambanci, kuma yana aiki ne kawai idan tazarar x iri ɗaya ce, kamar yadda take a nan. A cire kowane nisa daga wanda ke biye da shi: 23 a cire 12 saura 11, 36 a cire 23 saura 13, haka za a ci gaba a sami 17, 20 da 23. Da waɗannan lambobi sun fito iri ɗaya, da miƙaƙƙen layi ne. Tunda ba su fito ba, sai a sake cire su daga juna a karo na biyu, a sami 2, 4, 3, 3. Alamar kwadiratik ita ce wannan bambanci na biyu ya tsaya a lamba guda. A misalan da ake ƙirƙira don jarrabawa yakan fito cif, amma a alƙaluman zahiri ba ya fitowa haka, kuma a nan dalilin a fili yake: an mayar da nisan daga ƙafa zuwa mita, aka zubar da ɓurɓushin da ke bayan ɗigo. Abin da ake dubawa shi ne ko lambobin suna kewaya wuri guda ba tare da hawa ko sauka a jere ba. Waɗannan suna kewaya 3. Idan tazarar x ɗaya ce, bambanci na biyu daidai yake da a sau biyu, saboda haka tun yanzu mun san a yana kusa da 1.5, kuma duk amsar da ta yi nisa da wannan a gaba abin tuhuma ce.

Yana da kyau a kuma kawar da zaton cewa nisan yana ninkuwa ne da kaso guda a kowane mataki, irin yadda kuɗin ruwa ke haihuwa a kan kansa. A raba kowane nisa da wanda ya gabace shi: 23 a raba da 12 ya ba da kusan 1.92, sai 1.57, 1.47, 1.38 da 1.32. Lambobin suna sauka a jere, don haka wannan zato ya faɗi.

Yanzu sai neman a da b da c. Tunda abubuwa uku ne ba a sani ba, ɗigo uku ake buƙata, kuma a zaɓe su da tazara, kada a ɗauki uku da ke manne da juna a gefe guda, domin ƙaramin kuskure a cikinsu yana girma idan aka yi nisa da su. Mu ɗauki x = 2, 4 da 6. Sanya su a cikin siffar ƙa'idar zai ba mu jimloli uku: 4a + 2b + c = 12, sai 16a + 4b + c = 36, sai 36a + 6b + c = 73. A cire ta farko daga ta biyu, c zai ɓace, a sami 12a + 2b = 24. A cire ta biyu daga ta uku, a sami 20a + 2b = 37. A sake cire waɗannan biyun daga juna, b ma ya ɓace, saura 8a = 13, wato a = 1.625. Mayar da shi baya zai ba da b = 2.25 da c = 1.

A nan ne nake ganin ɗalibi ya fi buƙatar nutsuwa, domin da yawa sukan ja layi biyu a ƙarƙashin amsar su rufe littafi. Ƙa'idar y = 1.625x² + 2.25x + 1 ba ta yi laifi ba wajen ɗigon da ba mu yi amfani da su ba: a x = 3 ta ba da 22.4 maimakon 23, a x = 5 ta ba da 52.9, a x = 7 kuma 96.4. Amma a tambaye ta nisan tsayawar motar da ba ta motsi, wato x = 0, za ta ce mita ɗaya. Motar da ke ajiye a ƙofar gida ba ta buƙatar ko taƙi ɗaya kafin ta tsaya. Wannan 1 ɗin ɓurɓushin da aka zubar ne ya taru ya haifar da shi, kuma lambobin su kaɗai ba za su taɓa gaya maka haka ba, sai ka koma ga motar kanta. Saboda haka muna da hujjar tilasta c ya zama sifiri, tun kafin a fara lissafi.

Da c ya tafi, ɗigo biyu sun wadatar, sai mu ɗauki na farko da na ƙarshe. Jimlar 4a + 2b = 12 a raba ta da 2 ta zama 2a + b = 6, ita kuma 49a + 7b = 96 a raba ta da 7 ta zama 7a + b = 13.71. Bambancinsu 5a = 7.71, wato a kusan 1.54, b kuma kusan 2.91. Sabuwar ƙa'idar ita ce y = 1.54x² + 2.91x. A gwada ta da ɗigo huɗun da ke tsakiya, waɗanda ba su sa hannu wajen gina ta ba: tana ba da 22.6, 36.3, 53.1 da 72.9, kuma idan aka mayar da su cikakkun lambobi sai su zama 23, 36, 53 da 73, daidai da jadawali ba ƙari ba ragi. Ƙa'idar da ta mutunta ma'anar abin da ake aunawa ta fi wadda ta bi lambobi ido rufe dacewa, ga shi kuma a ɗinta ya fi kusa da 1.5 da gwajin bambanci ya nuna mana.

Kowane ɓangare na ƙa'idar yana da ma'ana a kan titi, kuma ban yarda an gama aiki ba sai an iya faɗin ta. Ɓangaren 2.91x shi ne nisan da mota ke ci tsakanin lokacin da ido ya gani da lokacin da ƙafa ta taka birki. Gudun kilomita 16 a awa daidai yake da kusan mita 4.4 a daƙiƙa, don haka mita 2.91 na nufin an ɗauka direba yana ɗaukar kusan kashi biyu cikin uku na daƙiƙa kafin ya motsa. Ɓangaren 1.54x² kuwa shi ne nisan da birki ke ci yana kashe gudun, kuma yana tafiya da gudu sau gudu ne saboda ƙarfin motsin da ke cikin mota haka yake ƙaruwa. Kundin ya ware wannan nisa daban, ya ba da mita 6 a gudun 32 da mita 24 a gudun 64, wato an ninka gudu sau biyu, nisan birki ya ninka sau huɗu.

Amfanin ƙa'idar shi ne amsa tambayoyin da jadawali bai amsa ba. Gudun kilomita 100 a awa ba ya cikin jerin, amma 100 a raba da 16 ya ba da x = 6.25, wanda ke kai mu ga kusan mita 78. Ana kuma iya juya tambayar. A ce da dare fitilar mota tana haska mita 50 ne kawai a gaba, wane gudu ne zai bari direba ya tsaya cikin iyakar abin da yake gani? Sai a warware 1.54x² + 2.91x − 50 = 0 da sananniyar ƙa'idar warware kwadiratik, wato x = (−b ± √(b² − 4ac)) / 2a, inda a nan c shi ne −50. Lissafin b² − 4ac ya ba da kusan 316.5, tushensa kusan 17.79, amsoshi biyun kuma su ne 4.83 da −6.72. Ta biyun a jefar da ita, domin babu gudun da ke ƙasa da sifiri, ta farkon kuma a ninka ta da 16 a sami kusan kilomita 77 a awa.

Littattafai suna ba da muhimmanci ga ƙololuwar farabola, wadda ake samu a x = −b/2a, amma a misalinmu tana faɗawa wajen −0.94, inda babu mota, don haka ba ta da aiki. Inda take da aiki shi ne idan a yana ƙasa da sifiri, ƙwaryar ta kife. Dutsen da aka cilla sama da gudun mita 19.6 a daƙiƙa yana bin h = 19.6t − 4.9t², inda h ke nufin tsayi da mita, t kuma lokaci da daƙiƙa, idan aka kawar da kai daga turjiyar iska, ƙololuwarsa kuma tana a daƙiƙa 2, a tsayin mita 19.6.

Idan alƙaluma sun yi yawa, talatin ko ɗari, zaɓen ɗigo biyu ko uku ba zai yi adalci ga sauran ba. Hanyar da ake bi ita ce wadda Adrien-Marie Legendre ɗan Faransa ya wallafa a 1805, wato a nemo a da b da c waɗanda za su sa jimillar kurakurai, bayan an ninka kowanne da kansa, ta yi ƙanƙanta iyakar iyawa. Manhajoji irin su Excel da GeoGebra da Desmos suna yin wannan cikin ƙiftawar ido. A Excel, bayan an zana ɗigon, ana ƙara Trendline, a zaɓi Polynomial mai daraja 2, akwai kuma wurin da ake tilasta layin ya bi ta sifiri. Manhajar za ta iya nuna wata lamba mai suna R², wadda kusancinta da 1 ke nuna dacewar layin da ɗigon, sai dai kada a dogara da ita kaɗai, domin ƙa'idarmu ta farko mai c = 1 ma da ta sami lamba mai kyau sosai.

Saura maganar iyaka. Alƙalumanmu sun tsaya a gudun 112, saboda haka amsar mita 108 da ƙa'idar ke bayarwa a gudun 120 abin karɓa ce da taka-tsantsan tunda ba a yi nisa da bakin iyaka ba, amma kai ta gudun 200 ya zama hasashe. Haka kuma lambobin 1.54 da 2.91 na ƙaramar mota ne mai lafiyayyen birki da taya, a busasshiyar kwalta, da direban da hankalinsa ke kan hanya. Kundin da kansa ya ce a bar aƙalla ninki biyu na tazara idan titi ya jiƙe. Direban da ya kwana yana tuƙi, ko wanda ke duba waya, zai sa b ya ƙaru, tayar da ta suɗe ko hanyar burji mai tsakuwa kuma za su sa a ya ƙaru. Siffar ƙa'idar tana nan yadda take, amma wanda yake son sanin nisan tsayawar babbar mota maƙare da buhunan hatsi sai ya samo alƙaluman da aka auna da irin wannan motar, ya sake bin matakan tun daga ɗiga ɗigo a takardar zane.